Kulocin Motar Baba Talle

Turo ta aka yi, ba tuƙo ta ba,
yara huɗu, tun daga filin golf
har ƙofar garejina a Muciya.
Ƴar mota ce mai rumfa kamar teburin mai tsire,
ba ƙofa, ba gilashi,
fentinta ya koɗe ya koma launin koko.

Baba Talle na biye da ita, yana dogara sanda.
Shekara talatin yana ban ruwan ciyawar filin,
da gwiwa ta ƙi, ita ta zama ƙafarsa.
Ya ce, "Jatau, ihu take, ba ta tafiya.
In na taka sai ta tsaya tunani,
can ta zabura kamar an tsikare ta.
A ɗan tudun nan na rami na bakwai kuwa
sai na sauka na lallashe ta."

Na fara daga inda hannu ya saba.
Na kwance fulogi, na hure, na mayar.
Na wanke kafireto da rabin kwalbar fetur.
Inji ya tashi garau, har da guɗa,
mota ko gezau.
Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

Barau, yaron shagona, shi ya tsuguna.
Ya ce, "Oga, shaƙi nan." Ƙaurin roba.
Muka ɗaga bayanta muka ɗora kan bulo,
tayoyi na lilo a iska.
Na taka sannu, idona kan kuloci.
Faifai biyu ne, aikinsu su matso juna,
su rungumi bel, su hau da shi sama.
Ɗayan ya taho, ya cije a hanya,
yana kakkarwa kamar mai zazzaɓin dare.

Bel ɗin ma ya ga duniya.
Gefensa sumul, yana ƙyalli,
ya rame har ya nutse a tsakanin faifan.

Kwance kulocin ya cinye mana azahar.
Ba mu da abin zaro shi,
sai dogon noti da Barau ya fiƙe a dutse.
Da ya buɗe, na yi salati.
Giris ne danƙare, ya sha yashi ya ƙoshi,
ya daskare kamar tunkuza.
Ƴan ƙarafan nauyi uku da ke ciki,
biyu sun maƙale, ɗaya ya cinye gefe guda.

Na ce, "Wane mugun ne ya yi wannan aikin?"
Shiru.
Baba Talle ya dubi ƙasa, ya gyara hula.
"Ni ne. Na ji tana kuka da damina,
na ce bari in shafa mata mai."
Na rasa inda zan sa bakina.
Na ce, "Baba, wannan a bushe yake son zama.
Tausayin ne ya shaƙe shi."

Na zaga Sabon Gari layi layi.
Uchenna ya juya ƙarfen a tafinsa, ya yi dariya,
ya ce an daina haihuwar irinsu.
Malam Sambo mai injin fere ƙarfe
shi ya cike wanda ya cinye, ya goge, ya auna da ƴan uwansa.
Bel kuwa sai da ya kwana tara a hanya,
ya iso a motar dare, cikin kwalin taliya.

Muka wanke komai da kananzir,
muka bi faifan da sanfefa har ƙyallin ya mutu.
Ban sa ko ɗigon mai ba.

Ran Alhamis da hantsi muka kai ta fili.
Ya hau, ya yi bisimilla, ya taka.
Ba ihu, ba zabura.
Faifai suka matso a natse,
ta ɗauke shi kamar ana miƙa jariri.
Ina tsaye na ga rumfarta ta haye tudun bakwai,
ta gangara, bai sauka ba, bai waiwayo ba.

Rabin kuɗina ya biya, sauran sai wata.
Sandarsa na nan jingine da bangon gareji.
Barau na rataye tsumma a kanta.